Ruwan bahonmu yana warin kulorin, amma ƙuraje sun fito wa yara: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da ke Ingila tare da iyalina, kuma gidan da muka saya bara yana da bahon ruwan zafi irin wanda ake kira Jacuzzi a cikin lambu, mai cin lita 1,500. Mu huɗu muke shiga kusan kullum da yamma. Ina zuba kulorin duk lokacin da na tuna, ruwan kuma garau yake, yana ma warin kulorin sosai, amma ƙuraje masu ƙaiƙayi sun fito wa 'ya'yana biyu a ciki da cinya. Wata uku ke nan ban canza ruwan ba. Shin kulorin ɗin ne ya yi yawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya. Bisa abin da ka bayyana, na fi zaton kulorin ɗin ƙaranci ya yi, ba yawa ba, kuma ina roƙonka da kada kowa ya sake shiga bahon sai an gyara shi.

Warin nan mai shiga hanci da sa ido ja ba na kulorin mai aiki ba ne. Idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari da dattin jiki, sai ya rikiɗa ya zama wani sinadari da ake kira kuloramin, wanda warinsa ya fi ƙarfi amma ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta ya ragu ƙwarai. Ruwan da aka kula da shi yadda ya kamata kusan ba ya wari. Haka nan hasken ruwa ba hujja ba ce, domin mataci yana iya kwashe duk wani datti da ido ke gani ya bar ƙwayoyin cutar suna yawo. Ƙurajen da ka kwatanta sun yi kama da waɗanda ƙwayar Pseudomonas ke haifarwa, wadda ke shiga kofofin gashi, kuma ta fi kama wuraren da rigar wanka ta manne wa fata. Yawanci sukan baje da kansu cikin mako guda ko ɗan fiye, amma idan zazzaɓi ya biyo baya, ko suka fara ruwa, ko wani ya yi kukan ciwon kunne, a kai shi wurin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya fitowa a fata. Ƙwayar Legionella tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 45, wato daidai zafin da ake ajiye baho, kuma ba ta hanyar sha take kama mutum ba, ta hanyar shaƙar feshin da injin ke tayarwa take isa huhu. An gano cutar huhun da take haifarwa ne bayan ɓarkewarta a taron tsofaffin sojojin Amurka a Filadelfiya a 1976. A 1999 kuwa, a wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, bahon da aka kunna don talla ba tare da maganin kashe ƙwayoyi ba ya yi sanadin mutuwar fiye da mutum 30, kuma mutanen nan ba wanka suka yi ba, kallo kawai suka zo. Tsofaffi da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki su ne suka fi shiga haɗari.

Waɗannan ƙwayoyi suna fakewa ne a cikin wani yauƙi da ke manne wa bututun da ke bayan bangon bahon. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin matashin kai ko a bakin ramin matacin. Idan ka ji santsi kamar na miyar kuɓewa, to akwai irinsa a inda hannu ba ya kaiwa, kuma kulorin da ake barbaɗawa sama-sama ba ya ratsa shi. Saboda haka zubar da ruwan kaɗai ba zai wadatar ba. Ka cire matacin, ka zuba maganin wanke bututu da ake sayarwa a shagunan kayan baho, ka kunna injin ya zagaya da shi gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar, sannan ka zubar da ruwan, ka goge bangon da cikin murfin, ka cika da sabon ruwa, ka kuma saka sabon mataci maimakon mayar da tsohon.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne "duk lokacin da na tuna" za ta kau. Ka sayi 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza launi, ka riƙa tsoma ɗaya kafin kowane wanka. Kulorin mai aiki kada ya gaza miligiram 3 a kowace lita, ya tsaya tsakanin 3 da 5. Idan buromin ka zaɓa, wato wani maganin kashe ƙwayoyi da ake sawa a madadin kulorin, wanda ya fi jure zafi, kada ya gaza 4. Ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, domin da zarar ya haura haka kulorin yakan yi sanyi ko da an zuba da yawa. Ruwan famfon Birmingham daga kwarin Elan na yankin Wales yake zuwa, kuma ba shi da sinadarin alli sosai, don haka ya fi saurin kumfa kuma ma'auninsa ba ya zama wuri ɗaya. Ka fara daidaita jimillar sinadarai masu kama da kanwa da ke hana pH yawan sauyawa (total alkalinity da Turanci) tsakanin miligiram 80 da 120 a kowace lita kafin ka taɓa pH. Kullum a zuba magani cikin ruwa, ba ruwa cikin magani ba, kada a gauraya magunguna biyu a mazubi ɗaya, kuma a bar murfin a buɗe kamar minti 20 bayan an zuba mai yawa.

Game da canza ruwa, "wata uku zuwa huɗu" da ake faɗa na bahon da ba a cika shiga ba ne. Masu sana'ar suna raba yawan lita da 12, sannan su raba da adadin masu shiga a rana. Naka lita 1,500 ne, mutum huɗu, ya ba da kwana 31 ke nan, ka ga ka ninka wa'adin sau uku. Mataci kuma a ɗauraye shi da tiyo kowane mako, a jiƙa shi cikin maganinsa kowane wata.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu shafa mai, balle a sanyin Ingila da ke busar da fata, kuma man kaɗanya da basilin da turare duk suna narkewa a ruwan zafi, su toshe mataci, su cinye kulorin, su bar zobe mai maiƙo a bakin ruwa. Kowa ya watsa ruwa da sabulu ya ɗauraye sosai kafin ya shiga, kayan wanka kuma a ɗauraye su da ruwa zalla. Zafin kada ya wuce digiri 40, zama kada ya wuce minti 15, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su shiga, mai juna biyu kuma ta fara tuntuɓar likita. Idan za ku tafi gida hutu na makonni kuma babu wanda zai riƙa aunawa, ka zubar da ruwan gaba ɗaya kafin tafiya, in kun dawo kuma ka sake wanke bututun kafin ka cika shi.