Amsar tambayarki kan makoki da wuta

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce maƙwabcinku can Yamai ya rasu, mutumin da bai taɓa taka majami'a ba, kuma ƙawayenki sun ce zuwa gaisuwa munafunci ne tunda kun san wuta zai shiga. Kin tambaya me ya sa mu tsofaffi muke zuwa mu zauna makoki, mu ce "Allah ya san nasa" mu yi shiru. Na yi dariya da na ga kun riga kun san inda ya tafi. Daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai.

Kakanki a Tsibiri, kusa da Maradi, ya ji bishara, inda ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka zauna tun 1927. Ran da ya karɓi baftisma, yayansa, wanda muke kira Baba Babba, ya ce ba shi ba shi. Ɗan bori ne na gaske, da tsumman jan ƙyalle da garayarsa, ga baƙin bunsuru kullum ɗaure a gindin tsamiya. Sai shekarar El Buhari, 1984, da hatsi ya ƙi kuma aka rufe iyakar Najeriya. Ciwo ya kwantar da shi, ƴaƴansa sun watse neman abinci, aka ɗauko shi a amalanke aka kawo gidanmu nan Maradi.

Mai jinyarsa wani tsohon mai bishara ne da ya warke daga kuturta a asibitin Danja. Yatsunsa sun gutsure, ba ya iya riƙe ludayi, sai ya tallabo ƙoƙon kunu da tafin hannu biyu ya kai bakin Baba Babba. Kunun ma ruwa ne tsululu, na garin agaji. Baba Babba ya zage shi, ya tofar, tsohon ya share da gefen riga ya sake miƙawa. Da dare ina kwance bakin ƙofa ina jin su. Labari ɗaya Baba Babba yake sa a maimaita masa, na ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, a Luka sura 23, wanda ya roƙi a tuna da shi aka ce masa yau zai shiga Firdausi. Yakan ce, "To shi me ya biya?" Tsohon ya ce, "Ko anini." Sai Baba Babba ya juya fuska bango. Ya cika da asuba, ba wanda ya ji kalmarsa ta ƙarshe.

A zaure, ranar makoki, ga ƴan'uwanmu Musulmi, ga ƴan bori, ga mu. Wani saurayi da ya fito makarantar Littafi ya miƙe da niyyar gaya wa jama'a inda mamacin yake. Tsohon nan ya maƙale masa gefen riga da dungunsa ya zaunar da shi. Ya ce, "Yaro, mu ƴan shuka ne. Sussuka da sheƙe na mai gona ne." Daga Matiyu 13 ya ɗauko, inda aka hana barori tuge ciyawa kada su haɗa da alkama.

Kada ki ɗauka muna musun wuta. Yesu da bakinsa ya yi maganarta, ki duba mai arziki da Li'azaru a Luka 16, da raba tumaki da awaki a Matiyu 25. Amma kakanki yakan sa yatsa a aya ta 41 ya ce mu lura, an ce Iblis da mala'ikunsa aka shirya wa wutar nan. Yakan haɗa da Ezekiyel 33:11, inda Allah ya rantse ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Masana sun yi ta ja a kan yadda azabar take, wasu su ce madawwamiya ce, wasu su ce hallaka ce gaba ɗaya, Katolika kuma suna koyar da wurin tsarkakewa ga waɗanda suka mutu cikin alheri. Kakanki bai shiga wannan ba. Cewa yake wanda ya ambaci wuta idonsa bai kawo ruwa ba, ya yi shiru ya fi masa.

Abin da ke damuna da ku ke nan. Kuna zaune da salula, wani yana ihu yana jera sunayen mutane yana jefawa wuta, ku kuma kuna turawa juna. Wa'azin tuba ai mai rai ake yi wa, tun yana iya ji. Maƙwabcin naku da yake kwance, wa ya kai masa ko fura cikinku?

Kin kuma yi tambaya kan makomar waɗanda suka mutu kafin bishara ta iso ƙasar Gobir. Wannan ba maganar saƙo ba ce, sai kin zo hutun Kirsimeti mu zauna. Kafin nan ki karanta Yunusa sura 4, inda annabi ya yi fushi don an bar mutanen Nineba fiye da 120,000 da rai, ki faɗa mini wa Allah ya tsawata wa. Ki ɗaura kallabi ki je ki yi wa matar gaisuwa, ki riƙa mata ko goro. Innarki tana gaishe ki.