Filashi na cewa ya cika alhali ga fili ina gani

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ina da filashi mai gig 32, abin da ke ciki duka-duka bai wuce gig 8 ba, amma duk sanda nazo tura wani bidiyo da na haɗa mai gig 6 da ɗoriya sai kwamfuta ta ƙi, wai ba zai shiga ba. Na goge hotuna na goge wasu takardu na ma har yanzu dai shiru. Wani abokina yace bairos ne, wani kuma yace filashin ne jabu. In jefar da shi ne ko yaya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka jefar, kuma dan Allah ka dakata da goge-gogen nan haka, ko komai ka share ya zama fayau bidiyon nan ba zai shiga ba, don ba fili ne matsalar ba.

Ka soka filashin, ka buɗe This PC, ka danna maɓallin dama na mawus a kansa ka zaɓi Properties. Akwai layin da aka rubuta File system, ina kyautata zaton FAT32 za ka gani a gabansa. In shi ne to mun kama ɓarawon. FAT32 tsohon tsari ne na jera fayiloli, tun 1996 Microsoft suka fito da shi zamanin Windows 95, lokacin da diskin kwamfuta gaba ɗayansa ma sau da yawa bai kai gig 4 ba, to wurin da suka ware na rubuta girman fayil bit 32 ne kacal, iyakar lambar da zai iya ɗauka ita ce bayit 4,294,967,295, wato gig 4 ba bayit ɗaya. Fayil guda ya haura haka ba shi da wurin zama, ko da filashin gig 500 ne. Kamar ɗaki ne mai faɗi amma ƙofar 'yar ƙarama, kujeru ɗari za su shige ɗaya bayan ɗaya, gado guda kuwa ya maƙale a bakin ƙofa. Sabbin Windows suna ɗan faɗin gaskiya su ce fayil ɗin ya yi wa tsarin girma, amma tsofaffi irin XP da wasu manhajoji kawai cewa suke diski ya cika, shi yasa mutane ke ta share kayansu a banza.

Kuma ba laifin wanda ya sayar maka bane, yawancin filashi da memori masu gig 32 zuwa ƙasa a haka suke fitowa daga kamfani saboda FAT32 kusan kowace na'ura na karanta shi, talabijin, rediyon mota, firinta, duka.

Magani mafi sauƙi, ka kwashe abin da ke ciki kaf ka ajiye a kwamfuta, ka tabbatar sun buɗe a can, sannan ka yi wa filashin fomat ka zaɓi exFAT, wato sabon tsarin jera fayiloli. Na ce ka kwashe tukuna fa, fomat ba ya barin komai. exFAT ya zo a 2006, dama don filashi da memori aka yi shi, babu wannan iyakar ta gig 4, kuma Windows da Mac duk suna karantawa suna rubutawa a kai. NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi a diskinsa, shi ma yana yi, har akwai umarnin convert E: /fs:ntfs da ake bugawa a Command Prompt ya juya shi ba tare da goge kaya ba, E ɗin ka musanya da harafin filashinka, sai dai ni ban cika son NTFS a filashi ba don Mac karantawa kawai yake ba ya rubutawa sai an ƙara masa wata manhaja. In kuma tsohuwar talabijin za ka soka wa, gwada tukuna, wasu FAT32 kaɗai suka sani. A nan sai dai ka matse bidiyon da manhajar HandBrake ya dawo ƙasa da gig 4, ko ka yanka shi gida biyu.

Maganar bairos bana jin ita ce. Ta jabu kuwa akwai su da yawa, amma halinsu daban ne: filashin jabu ba ya cewa ya cika, karɓa yake ta yi yana nuna maka komai lafiya, sai ranar da kazo buɗewa ka tarar fayilolin sun lalace, domin an yi wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya ne tana cewa gig 64 alhali ainihinsa 8 ne ko ƙasa. In hankalinka bai kwanta ba ka sauke H2testw, kyauta ce, za ta cika shi da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, ka barta ta gama.

Wani abu kuma tunda muna kai, masu buɗe zip su ja fayil daga cikin tagar WinRAR ko 7-Zip zuwa diskin D ko filashi sai a ce musu babu fili, ku duba diskin C. Manhajar a foldar Temp da ke C take fara zazzage kayan kafin ta kai inda kuka ce, in C ya shaƙe shikenan. Ku yi amfani da Extract to kai tsaye, ku kuma buga %temp% a Run ku share tarkacen da ke ciki.

TAMBAYA: Malam ina kula da wata 'yar saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu na intanet) mai Ubuntu, wani nau'in Linux, shafinmu ya tsaya cak, komai na taɓa sai ta ce No space left on device, ko fayil mara komai ta ƙi ƙirƙira. Na buga umarnin df -h mai nuna filin diski ya nuna kashi 60 kawai aka ci. Kaina ya ɗaure wallahi. Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama buga df -i ki duba layin IUse%, wato kason inode da aka cinye. Tunda har fayil mara komai ya ƙi ƙirƙiruwa, kusan na tabbata 100% za ki gani.

A Linux kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, sai ya ci inode guda, wato ɗan gurbin rajistarsa, nan ake rubuta mai shi da izininsa da inda bayanansa suke a diski. A ext4, tsarin jera fayiloli da aka saba da shi a Linux, tun ranar fomat ake yanke adadinsu, yawanci guda ɗaya ga kowane kilobayit 16 na fili, to in wata manhaja ta yi ta zuba 'yan mitsi-mitsin fayiloli miliyoyi, sai inode su ƙare fili na nan jibge. Masu wannan aika-aikar sanannu ne, fayilolin session na PHP (bayanan wucin gadi na masu ziyartar shafi) da ba a sharewa, foldar cache (ma'ajiyar wucin gadi), da wasiƙun imel da suka taru a layi ba su fita ba. Ki buga du --inodes -x / | sort -n | tail zai nuna miki foldojin da suka fi tara su. In kin samu kar ki ce rm * don zai iya ce miki jerin ya yi tsawo, find ya fi, misali find . -type f -mtime +7 -delete daga cikin foldar, amma ki fara bugawa ba tare da -delete ba ki ga abin da zai tafi, kuma ki tabbatar a foldar da kike nufi kike tsaye, umarnin nan ba ya tambaya. Bayan nan ki nemo dalilin da yasa ba a sharewa ki saka cron, wato tsarin da ke buga umarni da kansa lokaci-lokaci, ya riƙa sharewa, in ba haka ba wata biyu kin dawo nan.

In kuma inode lafiya lau, ki sake kallon df -h ɗin da kyau layi-layi, da yawa layin / kawai suke dubawa alhali /var ko /tmp ko /boot nasu yankin daban ne kuma shi ne ya cika. Ki duba ko an sa wa akawun ɗin kota, wato iyakar filin da aka yarda ya ci. Sai wanda ke zuwa ta bayan gida, df yace an cika, umarnin du mai auna girman fayiloli kuma yace ba komai: wani ya goge ƙaton log (fayil ɗin da manhaja ke rubuta ayyukanta) alhali manhajar na riƙe da shi a buɗe, sunan ya tafi amma filin bai dawo ba. lsof +L1 zai tona shi, ki sake tada wannan manhajar filin ya dawo nan take, ba sai kin kashe sabar gaba ɗaya ba.