Tambaya da Amsa: Tafkin Monet da ya yi kama da ɓarin fenti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na zane ya nuna mana hoton wani zane na Claude Monet, wai tafki ne da furanni a kai, ya ce duniya na ji da shi. Ni kuwa da na ƙura masa ido ban ga komai ba sai dabbare-dabbaren fenti, ko bakin ganye ɗaya bai fita sosai ba. Kuma ruwan shunayya ne da ja-ja. Ina aka taɓa ganin ruwa haka? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ke kika fara wannan ƙorafi ba. A 1874, da Monet da abokansa suka baje zanensu a birnin Faris, wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya yi musu ba'a, ya ce abin da suka kawo ba zane ba ne, kallon farko ne kawai da ba a ƙarasa ba. Daga wannan gatsen sunan salon ya fito, Imfireshonizim, wato salon zanen kallon farko, su kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Furannin da kika gani bado ne, irin wanda ke rufe kududdufan garinmu bayan damina, sai dai nasa an yi masa aure da wasu iri har ya ba da ja da rawaya da ruwan hoda. Tafkin ma shi ya haƙa abinsa. Ya koma ƙauyen Giverny da ke ƙasar Faransa a 1883, a 1893 ya sayi fili a ƙetaren hanyar gidansa, ya jawo ruwa daga wani reshen kogin Epte. Manoman wurin sai da suka yi ta gunaguni, suna tsoron baƙin tsirran za su lalata ruwan da dabbobinsu ke sha. Ya yi zanen wannan tafki wajen 250 kafin ya mutu a 1926.

To me mutum zai yi ta nema a tafki ɗaya shekara talatin? Haske. Gobe da hantsi ki je bakin kududdufi ki tsaya, ki manta da abin da aka koya miki cewa ruwa shuɗi ne. Za ki ga sararin sama kwance a kansa, ga farin gajimare, ga inuwar bishiya ta kife kai ƙasa, can ƙarƙashi kuma ciyawa na lilo. Ki koma da la'asar sakaliya, za ki rantse an sauya ruwan: ya yi ja-ja, gefen inuwa ya koma shunayya. Shi Monet sa'ar yake zanawa. Shi ya sa yakan jera ƙyallayen zane da yawa a gefensa, hasken ya juya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, sai washegari war haka ya koma kan na farko. Wanda ke tsere da rana ba shi da lokacin fitar da jijiyar ganye.

Dabbare-dabbaren nan kuwa da gangan ne. Maimakon ya dama launuka su zama ɗaya, sai ya ɗora su gefe da gefe, ɗan shuɗi nan, ɗan kore nan, ɗigon ruwan goro a tsakani, ya bar wa idon mai kallo aikin haɗawa. Launukan da aka dama da yawa dushewa suke yi, su koma kamar taɓo. Waɗanda aka jera kuwa kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, abin da wani masanin kimiyya Bafaranshe, Chevreul, ya bayyana tun 1839: ja ya fi ƙuna kusa da kore, rawaya ta fi haske kusa da shunayya. Duk macen da ta taɓa zaɓen ɗankwalin da zai hau atamfa ta san wannan ba tare da littafi ba. Haka nan ya kusan yin sallama da baƙin fenti, don a ganinsa inuwa ma launi gare ta.

Ki lura da hannunsa. Ganyen bado yakan ja su a kwance, gajeru-gajeru, inuwar bishiyoyi kuma ya ja ta a tsaye. Wannan saɓanin kaɗai ke gaya wa ido ga fuskar ruwa, ga abin da ya faɗo cikinta. A zanukansa na baya-baya ma ya cire gaɓar tafkin da sararin sama ɗungurungum, sai ruwa daga wannan gefe zuwa wancan.

Zan ba ki gaskiya a wuri ɗaya. A 1912 likita ya tabbatar yana da yanar ido, kuma kafin a yi masa aiki a 1923 zanukan da ya yi na 'yar gadar da ke kan tafkin sun rine da ja da ruwan ƙasa, har gadar ba ta ganuwa. Akwai masu yabon su. Ni dai ba su ne na fi so ba, kuma in ɗaya daga cikinsu aka nuna muku, ban ga laifinki ba.

Sannan ƙaramin hoto, irin na waya, na cutar irin wannan aiki. Manyan zanukansa takwas da ke gidan tarihi na Orangerie a Faris, waɗanda aka buɗe wa jama'a a 1927, tsayinsu mita 2 ne, sun zagaye bangon ɗakuna biyu, mutum na tsakiya ruwa na kewaye da shi. Ki roƙi malaminku ya buga muku hoton a babbar takarda ya manna a allo. Ki fara kallo daga kujerar gaba, sannan ki ja da baya a hankali har bangon aji, ki rubuto mini a taku na nawa badon ya fito.