Tambaya da Amsa: Ƙanina ya sayi bindiga a Fulorida, ya ce doka ta ba shi damar harbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina da ƙane a jihar Fulorida ta Amurka, yana tuƙin motar haya da dare. Kwanaki wani fasinja ya yi masa barazana, sai ya je ya sayi bindiga yana ajiyewa a mota. Da muka yi masa faɗa sai ya ce a jiharsu doka ta yarda mutum ya harbi duk wanda ya tsorata shi, kuma ba a kama kowa a kan haka. Ni kuma na ji an ce su kansu 'yan majalisar da suka yi dokar sun yi nadama. Shin an soke ta ne? Idan ba a soke ba, tana kare shi da gaske? Mahaifiyarmu ta daina barci.

Wata mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kwantar wa Mama da hankali.

Ba a soke ta ba. Dokar ba-gudu-ba-ja-da-baya, wato wadda ta ce ba dole mutum ya gudu ba kafin ya kare kansa, tana nan daram tun da Gwamna Jeb Bush ya sa mata hannu a 2005. Labarin nadamar kuma gaskiya ne, sai dai ba ta kai yadda kike zato ba. A majalisar dattawan jihar ƙuri'u 39 aka kaɗa mata ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, har da 'yan jam'iyyar Dimokurat. A majalisar wakilai kuma 94 da 20. Sai da George Zimmerman ya harbe Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, a garin Sanford a watan Fabrairun 2012, kuma aka ɗauki fiye da wata guda ba a kama shi ba, sannan wasu daga cikin masu ƙuri'ar suka fara cewa ba haka suka fahimce ta ba. Sun ce sun ɗauka maganar mai gida ce da ɓarawo ya haura masa katanga. Su kuwa waɗanda suka gabatar da ita, Dennis Baxley da Durell Peaden, ba su janye ba. Cewa suka yi dokar tasu ba ta shafi wanda ya bi sawun mutum ba, kamar yadda aka ce Zimmerman ya yi.

Daga nan fa? Gwamna Rick Scott ya kafa kwamiti, kwamitin ya ce a bar doka yadda take. A 2013 an kawo ƙudurin soke ta, ya mutu tun a kwamitin majalisa. A 2017 ma ƙara mata ƙarfi aka yi: yanzu idan mutum ya nemi kariyarta kafin a fara shari'a, mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar wa alƙali cewa ba kare kai ba ne. Ga shi kuwa wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta buga ya nuna kisan kai a Fulorida ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar ta fara aiki, kisa da bindiga kuma da kusan kashi 32. Nadamar ɗan siyasa a gaban 'yan jarida ba ta goge ko harafi ɗaya a kundin doka.

Amma ni ba wannan ne ya fi damuna a wasiƙarki ba. Maganar ƙaninki ce, cewa idan ka ji tsoro ka samu lasisin harbi. Wannan magana ina jin ta kullum daga direbobi da masu kantuna da ɗalibai, kuma kowa idan ka tambaye shi ina ya samo ta, sai ya ce a wani zauren WhatsApp, ko wajen mai sayar da bindiga, ko wani ɗan YouTube da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ƙarya ce, kuma ƙaryar da take kai mutane kurkuku.

Abin da dokar ta cire abu ɗaya ne: wajabcin ka nemi hanyar gudu kafin ka kare kanka. Sauran sharuɗɗan suna nan. Dole barazanar ta kasance ta mutuwa, ko mummunan rauni, ko babban laifi na ƙarfi irin su fashi da fyaɗe. Dole ta kasance tana aukuwa a wannan lokacin, ba ɗazu ba, ba anjima ba. Dole ka kasance a wurin da kake da haƙƙin zama, kuma ba cikin aikata wani laifi kake ba. Sannan babban sharaɗin da 'yan zaure ba sa faɗa: ba tsoron da ke cikin zuciyarka ake aunawa ba. Abin da ake tambaya shi ne, wani mai hankali da ya tsinci kansa a wannan hali zai ga cewa babu makawa sai an yi harbi? Masu taya alƙali yanke hukunci ne za su amsa, watanni bayan abin ya faru, suna zaune a ɗaki mai sanyi suna maimaita bidiyon kyamarar tsaro a hankali, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Ki ba shi labarin Michael Drejka. A watan Yulin 2018, a Clearwater, ya tsaya yana yi wa wata mata masifa don ta ajiye mota a wurin da aka keɓe wa nakasassu a bakin wani kanti. Uban 'ya'yanta, Markeis McGlockton, ya fito ya ture shi ya faɗi ƙasa. Drejka ya zaro bindiga yana zaune a ƙasa ya harbe shi. An ture shi da gaske, ya faɗi da gaske, har shugaban 'yan sandan gundumar ya ƙi kama shi da farko, ya ce dokar ta ɗaure masa hannu. Amma bidiyo ya nuna da McGlockton ya ga bindiga ya fara ja da baya. Wannan 'yar takun baya ita ta raba gardama. A 2019 aka ɗaure Drejka shekara 20.

Ga Susan Lorincz a Ocala, wadda a 2023 ta harbe maƙwabciyarta Ajike Owens, uwar 'ya'ya huɗu, ta cikin ƙofa a kulle, a kan rikicin wasan yara. Ta ce tsoro ta ji. Shekara 25.

Akwai kuma ƙanwar wannan ƙaryar, wai idan ka harba sama ko gefe don tsoratarwa ba komai. Marissa Alexander a Jacksonville harsashi ɗaya ta harba a bango a 2010 yayin rikici da mijinta, wanda ta ce yana dukanta. Babu wanda ya ji ciwo. Alƙali ya ƙi ba ta kariyar dokar, aka yanke mata shekara 20 a 2012. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, amma ta riga ta sha zaman gidan yari na shekaru, nesa da jaririyarta. An ɗan gyara dokokin jihar bayan shari'arta, amma har gobe duk wanda ya ce maka harbin gargaɗi wasa ne, ba shi zai biya maka lauya ba.

Kada kuma ya ce ai Zimmerman ya sha. Kotu ta wanke shi a watan Yulin 2013, gaskiya ne, bayan an kama shi, an tuhume shi da kisa, an yi shari'a duniya na kallo, kuma ɗayan mutumin da ya san yadda aka fara yana kabari. Ƙaninki kuwa baƙar fata ne, baƙo, da karin harshen da za a ji ba ɗan ƙasa ba ne. Nazarin da cibiyar Urban Institute ta yi a 2013 ya nuna an fi ɗaukar kisa a matsayin halastaccen kare kai idan farar fata ya harbi baƙi, an kuma fi ƙin ɗaukarsa idan baƙi ne ya harbi farar fata. Ya kamata ma ya juya lissafin. Tun Yulin 2023 a Fulorida ba a buƙatar izini na musamman kafin a ɗauki bindiga a ɓoye. Fasinjan da zai nuna wa tasa don ya tsorata shi yana iya kasancewa da tasa a ƙugu, kuma a wannan lokacin dokar ta koma gefen fasinja.

Abin da ba ki faɗa ba shi ne da wace takarda yake zaune, kuma shi ne zan fara tambaya da a ofishina yake. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama mallakar bindiga kwata-kwata, haka ma mafi yawan masu bizar karatu ko ziyara, sai a 'yan yanayi kaɗan. Mai katin zama na dindindin yana iya mallaka, amma idan aka same shi da laifin da ya shafi bindiga ana iya korarsa daga ƙasar, ko da ya shekara ashirin a cikinta. Idan kuma da Uber yake aiki, ƙa'idarsu ta hana direba ɗaukar bindiga a bakin aiki.

Don haka, Hajiya, ku bar yi masa faɗa ta waya, ba zai ji ba, tunda abin da ya same shi da fasinjan nan ba ƙarya ba ne. Ki ce masa Yaya ta roƙe shi abu biyu. Ya sa kyamara a motarsa mai ɗaukar ciki da waje. Sannan ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna da lauyan manyan laifuka mai lasisin Fulorida wanda ya san dokar shige da fice, ya tafi da takardunsa da rasidin bindigar, ya maimaita masa maganar nan da ya faɗa muku kalma da kalma. Kafin ya samu ganinsa, bindigar ta kwana a gida cikin akwati mai makulli.