Sunan Zildjian: asalinsa, ma'anarsa da yawan masu amsa shi

Tambaya: Ni makaɗi ne a Jos. A jikin faya-fayen tagullar da ke haɗe da gangunanmu na zamani an rubuta Zildjian. Na ɗauka sunan kamfani ne kawai, sai wani abokin aikina ya ce sunan iyali ne na mutanen Armeniya. Gaskiya ne? Me yake nufi, yaya ake faɗinsa, kuma masu shi suna da yawa?

Amsa: Malam, abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Sunan gida ne na Armeniyawan birnin Istanbul, kuma ya shekara kusan 400 yana bin zuriya ɗaya. Ma'anarsa ita ce “ɗan gidan mai ƙera faya-fayen tagulla”. Wato abin da kake bugawa da sanda shi ne ainihin abin da sunan yake faɗi.

Sassa uku ne aka haɗa suka ba da sunan, kuma biyu daga ciki ba Armeniyanci ba ne, Turkanci ne. Na farko shi ne zil, kalmar Turkawa da ke nufin faifan tagulla na kiɗa, tana kuma nufin ƙararrawa, har da 'yan ƙananan faya-fayen da masu rawa ke ɗaurawa a yatsu. Na biyu ɗafa-ƙeya ce ta sana'a, wadda ake faɗi “ji”. Aikinta a Turkanci shi ne aikin da “mai” ke yi a sunaye irin su Maigoro da Maishanu: tana nuna mai yin abu ko mai sayar da shi. Zil da ji suka ba da zilji, mai ƙera faya-faye. Na ukun shi ne na Armeniyawa, wato -ian ko -yan, wanda ke nuna jingina ga gida ko zuriya. Da shi ake gane mafi yawan sunayensu.

A wajen faɗi ne mutane suka fi tuntuɓe. Harafin d da ke tsakiya ba baƙi ne mai zaman kansa ba. A ƙarni na 19 Faransanci ne harshen ciniki da Turai a Istanbul, kuma j ɗin Faransawa mai laushi ne, bai kai namu nauyi ba, shi ya sa suke rubuta dj idan suna son sautin da ke farkon kalmar “jiki”. Don haka ka ce Zil-jiyan, kada ka ce Zil-di-jiyan. Akwai wani tarkon da ya shafi mai karatun Hausa musamman. Tun da Turkiyya ta koma rubutun boko a 1928, Turkawa suna rubuta sunan Zilciyan. Idonmu zai karanta c ɗin nan kamar na “ciki”, alhali a Turkanci c shi ne j ɗinmu. Zilciyan da Zildjian faɗinsu ɗaya ne.

Me ya kawo Turkanci cikin sunan Ba'armeniye? Shekaru aru-aru mafi yawan Armeniyawa suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. A biranen daular sun yi fice a sana'o'in hannu, kuma a kasuwa da Turkanci ake kiran kowace sana'a. Mutum ya shahara da laƙabin aikinsa, 'ya'yansa su gaje shi, limamin coci ya ƙara -ian a kundin baftisma, shi ke nan ya zama sunan gida. Ta wannan hanya aka sami Demirjian daga demirci, maƙeri. Boyajian daga boyacı, marini. Kouyoumjian daga kuyumcu, maƙerin zinariya. Kurkjian daga kürkçü, mai ɗinka rigunan fata mai gashi. Za ka ga wasalin ɗafa-ƙeyar yana sauyawa a Turkanci, ci, cı, cu, çü, domin yana bin wasalin kalmar da ya hau. Amma da sun shiga bakin Armeniyawa galibi sai su ƙare da -jian. Duk inda ka ga -jian ko -djian ko -chian a ƙarshen suna, ka fara zaton sana'a, kuma ka fara zaton cewa asalin gidan daga ɓangaren Turkiyya yake. Wasu sunayen sana'ar ba su da wannan “ji” ɗin domin kalmar da ma sunan mai aikin ce, kamar Najarian daga najjar na Larabci, kafinta, da Kasabian daga ƙassab, mahauci.

Labarin yadda wannan gida ya sami sunansa, kamar yadda iyalin suka riƙe shi, ya fara ne da wani Avedis, mai aikin ƙarfe a Istanbul. An ce yana neman hanyar haɗa zinariya ne, sai a 1618 ya dace da wani haɗi na jan ƙarfe da kuza da ɗan azurfa wanda ke ba da amo mai tsawo. Ya riƙa yi wa ƙungiyar makaɗan yaƙi ta sarki, wadda ake kira mehter, faya-faye. Sarki ya ba shi laƙabin zilji, kuma a 1623 aka sallame shi daga fada ya buɗe maƙerarsa a unguwar Samatya. Wannan shekara ce kamfanin yake ƙirgawa a matsayin mafarinsa. Samatya kuwa ba unguwa ce da aka zaɓa haka kawai ba: a lokacin can ne mazaunin shugaban cocin Armeniyawa na birnin yake, a cocin Surp Kevork.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Ma'anar sunan tabbatacciya ce, duk mai jin Turkanci zai warware maka ita. Batun cewa sarki ne da bakinsa ya raɗa shi kuwa riwayar gida ce, har masu ba da ita sukan saɓa kan wane sarki ne, domin tsakanin 1617 da 1623 gadon sarautar ya yi ta sauya hannu tsakanin Mustafa na Ɗaya, Usman na Biyu da Murad na Huɗu. A ganina ko da babu sarki a cikin labarin, sunan zai fito yadda ya fito, kamar yadda Boyajian ya fito ba tare da kowane sarki ya yi magana ba. Riwayar tana da daraja, amma a riƙe ta a matsayinta na riwaya.

Haɗin ƙarfen yana da alaƙa da ƙarancin sunan, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Tagullar da ake yin manyan faya-fayen da ita kusan kashi 80 cikin 100 jan ƙarfe ce, kashi 20 kuza, masu sana'ar suna kiranta B20. Adadin ba sirri ba ne. Matsalar ita ce idan kuza ta kai wannan yawa, ƙarfen yakan yi tauri da gautsi, da an so a miƙe shi ya yi siriri ko a sa masa guduma sai ya tsage. Sirrin gidan yana cikin yadda ake narkawa da haɗawa har ƙarfen ya yarda a yi ta gasa shi ana murzawa ana duka bai fashe ba. Wannan sani ba a baza shi cikin almajirai ba, a al'adance magaji ɗaya ake danƙa wa a kowane zamani. Kowane gari yana buƙatar maƙeri da marini da mahauci, shi ya sa gidaje da dama da ba su haɗa jini ba suka wayi gari da sunan Demirjian ko Boyajian. Mai ƙera faifan kiɗa kuwa ɗaya ma ya ishi birni guda, har ya aika wa wasu. Sana'ar da ba ta da yawan masu yi ba ta haifar da yawan masu suna.

Daga Istanbul sunan ya yi tafiya. Avedis na Biyu, daga zuriyar Avedis na farko, ya kai kayansa baje kolin Landan na 1851. A 1865 ƙanensa Kerope ya karɓi aikin, kuma harafin K da makaɗa ke nema a jikin wasu faya-fayen daga sunansa yake. Avedis na Uku ya yi ƙaura zuwa Amurka kafin Yaƙin Duniya na Farko, yana sana'ar alewa a yankin Boston, har baffansa Aram ya rubuto masa a 1927 cewa lokacin karɓar gado ya yi. A 1929 aka buɗe masana'anta a Quincy ta jihar Massachusetts, daga baya a 1973 aka koma Norwell, inda take har yau. Bayan rasuwarsa a 1979 'ya'yansa biyu suka raba hanya. Armand ya riƙe kamfanin, Robert kuma ya kafa nasa kamfanin faya-fayen, Sabian, a 1981 a ƙauyen Meductic na Kanada, ya haɗa sunan daga farkon sunayen 'ya'yansa uku, Sally da Bill da Andy, har ya fito da ƙarshe irin na Armeniyawa. A 1999 Craigie, 'yar Armand, ta zama mace ta farko da ta shugabanci kamfanin.

Game da yawa, suna ne da duniya ta sani amma masu amsa shi ƙalilan ne, kuma shaharar tambarin ce ke sa a ɗauka suna da yawa. A ƙasar Armeniya ta yau, mai mutane kusan miliyan 3, sunayen da suka cika ko'ina na kakanni ne: Hovhannisyan, Harutyunyan, Grigoryan, Sargsyan, Khachatryan. Kowane ƙauye yana da Hovhannes da Grigor, don haka zuriyarsu ba ta ƙirguwa. Zildjian ba ya cikin wannan sahu. Mazauninsa Istanbul ne, sannan wuraren da 'yan gidan suka yi ƙaura, musamman Massachusetts da gabashin Kanada.

Bayan ƙarancin sana'ar, tarihi ma ya ƙara rage irin waɗannan sunaye. Kisan da korar da aka yi wa Armeniyawan Daular Usmaniyya daga 1915, wanda mafi yawan masana tarihi ke kira kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuma ba ta yarda da wannan suna ba, ya shafe gidaje ɗungurungum tare da kundayen cocinsu, ya warwatsa waɗanda suka tsira zuwa Halab, Beirut, Marseille da Amurka. Sai dokar sunan iyali ta Turkiyya ta 1934, wadda a bayanta Armeniyawa da dama suka yar da -yan ko suka maye ta da -oğlu na Turkanci, ko da yake wasu sun riƙe nasu. Reshen gidan da ya ci gaba da ƙira a Istanbul har shekarun 1970 an san shi da Zilcan.

Idan kana son ka bincika adadin da kanka, kada ka fara da buga Zildjian a intanet ka ɗauki lambar farko da ka gani. Fara da jera duk yadda ake iya rubuta shi: Zildjian, Ziljian, Zildjyan, Zilciyan, Zilcan, Zilcioğlu. Sunan da masu shi ba su da yawa, idan ya rabu gida shida, kowane gida sai ya zama kamar babu shi. Ka haɗa da rubutun Armeniyanci, wanda shi ma iri biyu ne. Armeniyawan waje suna bin tsohuwar ƙa'ida su rubuta Զիլճեան, a Armeniya kuwa, inda aka gyara ƙa'idar rubutu a 1922 zamanin Tarayyar Sobiyet, ƙarshen yakan zama -յան. Daga nan ne bambancin -ian da -yan ya fi fitowa: mai -ian galibi kakanninsa daga Turkiyya, Siriya, Lebanon ko Iran suka bi, mai -yan kuwa galibi daga Armeniya ko Rasha. Sunan yanka ma yana sauyawa tsakanin karin harshen yamma da na gabas, domin wasu baƙaƙen suna musanya: Avedis na Istanbul shi ne Avetis na Yerevan, babban birnin Armeniya, Bedros shi ne Petros, Krikor shi ne Grigor. Wanda bai san wannan ba zai ƙirga mutum ɗaya sau biyu, ko ya wuce shi bai gane ba.

Sannan ka san iyakar kowane kundi. Hukumar ƙidayar Amurka ta fitar da jerin sunayen iyali daga ƙidayar 2010, sunaye 162,253, amma sai sunan da ya bayyana sau 100 zuwa sama take sakawa. Idan ka nemi wani rubutun ba ka same shi ba, abin da ya nuna shi ne masu wannan rubutun ba su kai 100 ba, ba wai babu su ba. Rajistar masu zaɓe ta Armeniya a buɗe take ga mai bincike, sai dai da haruffan Armeniyanci ake nema, kuma manya 'yan ƙasa kaɗai ta ƙunsa. Takardun jiragen ruwan da suka kai baƙi Amurka suna da amfani ƙwarai don sanin garin asali, amma ma'aikatan kamfanin jirgi ne suka cika su tun a tashar da aka taso, kowa da kunnensa, shi ya sa ake samun wa da ƙane da rubutu daban-daban. Shafukan da ke ba da taswirar yawan sunaye kuwa ƙiyasi suke yi daga kundayen da suka samu, kuma a kan suna mai ƙaranci kuskuren gida biyu ko uku ya isa ya jirkita hoton gaba ɗaya.

Idan ka haɗu da wani mai wannan suna, akwai kyakkyawan zato cewa yana da alaƙa da gidan Samatya, amma sunan kaɗai ba hujja ba ne. Tun da zil tana nufin ƙararrawa ma, wani mai ƙera ƙararrawar dabbobi a wani gari na yankin Anadolu a Turkiyya yana iya samun laƙabin zilji, zuriyarsa su ɗauka, ba tare da sun haɗa kaka da Avedis ba. Abin da ke raba gardama shi ne garin asali da kundin baftisma. Haka kuma -ian kaɗai ba ta tabbatar da cewa mutum Ba'armeniye ne, domin Farisawa ma suna da ita: Masoud Pezeshkian, wanda aka zaɓa shugaban Iran a 2024, sunansa daga pezeshk yake, likita a Farisanci, kuma shi ba Ba'armeniye ba ne.