Jan ƙarfe mai zafi a cikin ruwa: a wane digiri za su tsaya?

Ɗan'uwa, ka ce an jefa jan ƙarfe giram 200 mai zafin digiri 100 cikin ruwa giram 300 mai digiri 25, kana neman inda za su daidaita.

Abu ɗaya za ka riƙe: zafin da ƙarfen ya rasa, shi ruwan ya karɓa, muddin ba ya zurarewa ta jikin kofin. Kowane ɓangare sai ka ninka nauyi da lambar ɗaukar zafinsa da canjin digiri. Lambar ruwa jul (ma'aunin yawan zafi) 4.18 ce ga kowane giram kowane digiri, ta jan ƙarfe kuwa 0.385 kacal.

Kira zafin ƙarshe T. Ƙarfe: 200 × 0.385 = 77, sai 77 × (100 − T). Ruwa: 300 × 4.18 = 1254, sai 1254 × (T − 25). Daidaita su, za ka samu 39050 = 1331T, wato T kusan 29.3.

Kada amsar ta ba ka mamaki. Dubi maƙeri in ya tsoma lauje jajir cikin ruwa: cuuu, ƙarfen ya huce, ruwan da kyar ya yi ɗumi. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su rubuta T − 100 a ɓangaren ƙarfe. In amsarka ta fita daga tsakanin 25 da 100, koma ka duba nan.