Butar gahawar Baba: da wane suna za a nemo ta a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya yi karatu a Amurka a shekarun 1970, kuma har yau bai daina zancen wata butar gahawa ta ƙarfe da yake ɗorawa a wuta ba, mai ɗan ƙulli na gilashi a murfinta, wanda ake hango gahawar tana tsalle a ciki idan ta tafasa. Ina so in saya masa irinta. Na ce wa ƙanena da ke can ya nemo mini "coffee pot", sai ga hoton wata butar gilashi ya turo. Mene ne ainihin sunanta, kuma mutane suna faɗinsa har yanzu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri da kika tuna da Baba. Ƙanen naki bai yi laifi ba. A bakin Ba'amurken yau, "coffee pot" galibi ita ce butar gilashin nan da ke zaune a ƙarƙashin injin gahawa na lantarki. Abin da Baba yake nufi sunansa "percolator". Ki rubuta masa haka, zai same ta.

Kalmar tana nan da ranta, sai dai ta tsufa. Dattawa sun san ta sarai, haka masu zuwa daji yawon buɗe ido su kwana a tanti, don har yanzu suna amfani da ita. Matashi kuwa yana iya jin kalmar ya tuna da kicin ɗin kakarsa. Dalili shi ne a 1972 aka fito da injin Mr. Coffee mai ɗigo da ruwan zafi ta cikin takardar tacewa, kafin a ankara ya kori tsohuwar butar daga yawancin gidajen Amurka. Ita kuwa ta daɗe: wani manomi daga jihar Illinois, Hanson Goodrich, shi ya yi rajistar irin wadda ake ɗorawa a wuta tun 1889.

Ga yadda take aiki, don ki gane ta ko a hoto. Idan aka buɗe murfin za a ga siririn bututu a tsaye a tsakiya, da ɗan kwando mai huji-huji a samansa. A kwandon ake zuba gahawa. Ruwa na tafasa sai ya hau ta bututun, ya bugi gilashin murfi, ya zubo kan gahawar, ya tsiyaye ƙasa, ya sake hawa. Wannan kai-komon ne ke sa ta yi ƙarfi, shi ne kuma ke sa ta ɗaci idan aka manta da ita a wuta. Da ta fara ɓul-ɓul a rage wuta, a ba ta minti 7 zuwa 10, a sauke.

Shawarata, a sayo ta kan wuta, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Kada ya ɗauko ta lantarki. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230, kina jona ta babu taransifoma mai rage ƙarfin wuta za ta ƙone. Balle ma, wa zai jira a kawo wuta kafin Baba ya sha gahawar safe? Ta kan wuta ko a risho ko a gas duk ɗaya ne a wurinta.

Idan ta hannu zai saya, ya duba bututu da kwando suna ciki, don su ne suka fi ɓacewa, kuma ba su ba gahawa. Ya kuma guji tsofaffin fararen butocin nan masu tambarin Corning Ware. A 1979 kamfanin da kansa ya gargaɗi mutane su daina amfani da da yawa daga cikinsu, saboda mariƙin yana iya rabuwa da butar tana cike da ruwan zafi.

Sai ki haɗa masa da gahawar da ta dace. Nescafé na gwangwani narkewa yake yi, ba shi da aiki a nan. Ɓarzajjiyar gahawa ake so, kamar tsakin masara. Mai laushi za ta bi ta hujin kwandon ta cika masa kofi da gari.

Tambaya daga wani mai karatu: Malam, na ga wata 'yar ƙaramar buta mai kusurwa takwas a kantin intanet, su ma sun rubuta "percolator". Ita ce?

Amsa: A'a Alhaji, wannan "moka pot" ce ta Italiya, wadda kamfanin Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Masu talla kan cakuɗa sunayen. Ita tururi ne ke tura ruwan sama ta cikin gahawar sau ɗaya tak, ya taru a ɓangaren sama. Gahawarta kakkaura ce, kuma ka lura da lissafinsu: idan suka ce kofi 3, ƙananan kofuna suke nufi, duka ba za su cika kofin shayinka ɗaya ba. Idan kuwa mai dogon baki kake nema irin ta Larabawa da alhazai ke dawowa da ita daga Makka, ka rubuta "dallah".